Daga Abuja zuwa dalar Giza: yadda ake tsara ziyarar kwana uku

Kuskuren da ya fi cutar da masu zuwa Masar daga nan shi ne cusa komai cikin yini ɗaya, da kuma rashin sanin cewa an sauya wa kayan tarihin mazauni. Mutum ya nufi tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir a Alƙahira yana neman gawarwakin Fir'aunoni, alhali tun watan Afrilun 2021 aka kwashe su. Ka ware kwana uku cur, ban da ranar zuwa da ta dawowa.

Shiri tun daga gida yake farawa. Biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja ake nemanta, kuma a fara da wuri. Ka haɗa fasfo da katin rigakafin cutar shawara. Jirgin EgyptAir na tashi kai tsaye daga Abuja zuwa Alƙahira, tafiyar kamar awa 5. Wanda zai taso daga Jos gara ya kwana Abuja. Abin da aka fi mantawa shi ne katin banki: yawancin wuraren tarihin sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, katin naira kuwa ba kowanne ke aiki a waje ba. Ka tambayi bankinka, ko ka riƙe katin dala. Duk da haka ka canza ƙananan fam na Masar saboda ɗan ihsanin da suke kira bakshish.

Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Sanyin asuba a can kamar na Jos ne da hunturu, sai da rigar sanyi. Daga Yuni zuwa Agusta rana ba ta da sauƙi, filin dalar kuma babu inuwa. Juma'a da Asabar ne hutunsu, cunkoso ya fi yawa.

Ranar farko ta Giza ce, inda dalar take a gefen Alƙahira, ka isa da an buɗe ƙofa. Wanda ya san dalar gyaɗa ta Kano a hoto ya san siffar, amma girman sai ido ya gani: dalar Fir'auna Khufu ta kai tsayin kusan mita 146 lokacin da aka gama ta, shekara 4,500 ke nan, da duwatsu kimanin miliyan 2.3. Tikitin shiga fili daban, na shiga cikin dalar daban, kuma a ƙofa ake sayen duka biyun. In ka wuce ba ka saya ba, sai ka komo.

Shiga cikin na buƙatar shawara da kai. Ana bi ta ramin da ake dangantawa da Halifa Ma'amun na Abbasiyawa, sannan a hau wani siririn lungu mai tsayin mita ɗaya da 'yan kai, a sunkuye, kusan mita 40, masu saukowa na goga maka kafaɗa. Daga nan sai babban zaure mai tsawon mita 47, sai ɗakin sarki. Abin da ke ciki akwatin dutse ne, wayam, babu zane babu rubutu. Akwai zafi, iska kaɗan ce. Mai ciwon gwiwa, ko asma, ko hawan jini, ko mai tsoron matsatsi, ya haƙura, bai yi asara ba. Babbar riga da doguwar abaya na harɗe ƙafa a kan katakon hawan. A sa kaya marasa ja da takalmi mai riƙe ƙasa. Hawa jikin dalar ta waje laifi ne a dokarsu.

Masu raƙumi da doki kuwa, a yi ciniki kafin a hau: nawa, da wane kuɗi, minti nawa, kuma har da saukarwa. Kada ka karɓi "kyautar" rawani ko ɗan gunki a hannu. "La, shukran", wato "a'a, na gode", ta isa.

Rana ta biyu ka ba sabon babban gidan tarihi da aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamban 2025, kilomita 2 daga dalar. Sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar. Mutum-mutumin Ramses na Biyu mai tsayin mita 11 zai tare ka a farfajiya, amma kada ka ɓata ƙarfinka a nan. Miƙe zuwa ɓangaren Fir'auna Tutankhamun tun ƙafa na da sauran ƙarfi, inda aka tara kayansa sama da 5,000 da aka gano a 1922, har da fuskar zinaren nan mai nauyin kilo 10. Jirgin ruwan Khufu na katako, mai tsawon mita 43, yana wani gini na gefe, kuma da yawa kan fita ba su gan shi ba. Awa 4 ita ce mafi ƙaranci.

Gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 da aka kwashe daga Tahrir suna gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, a tsohon ɓangaren Alƙahira. Ba a ɗaukar hoto a zauren. Ɗan jagora zai iya nuna maka ɗaya ya ce ga Fir'aunan Annabi Musa (AS). Masana sun saɓa, wasu na cewa Ramses na Biyu, wasu ɗansa Merneptah. Masallacin Amru bin Asi na nan kusa, sai a yi salla a can.

Ka haɗa Fusɗaɗ da Saƙƙara a rana ta uku, Saƙƙara da safe. Saƙƙara tsohuwar maƙabarta ce, kimanin kilomita 30 kudu da Alƙahira. Nan dalar Djoser mai hawa shida take, wadda ta girmi na Giza, kuma a ƙananan dalar Unas da Teti ne za ka ga rubutu a bango, abin da babu a ta Khufu. Ɗauki mota ta yini guda wadda za ta jira ka, don samun ta dawowa daga can na da wuya, kuma ka biya direba bayan ya maido ka masauki.