Kafin ka zaɓi Windows ko Linux, rubuta gem ɗinka tukuna

'Yan uwa masu haɗa sabuwar kwamfutar gem, ga wata 'yar dabara.

Ɗauki takarda ka rubuta wasanni biyar da kake bugawa da gaske. Sannan ka shiga shafin ProtonDB, inda ake nuna wasannin da ke aiki a Linux, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. In duk suna aiki lafiya a Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ke maye gurbin Windows, ka tsira da kuɗin lasisin Windows, sai ka zuba su a ƙarin RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita.

Dalili kuwa, tun 2018 kamfanin Valve ya fito da Proton, manhajar da ke sa wasannin Windows na Steam (kantin wasanni na Valve a intanet) su tashi a Linux. Da ita Steam Deck, na'urar gem ta hannu ta Valve, ke aiki. Wasannin da kake bugawa kai kaɗai, yawancinsu ba sa ba da matsala.

Inda dabarar ke cin tura shi ne wasannin intanet masu manhajar kama 'yan maguɗi. Valorant da Fortnite ba sa tashi a Linux, haka ma wasan ƙwallo na EA FC na baya-bayan nan. Ni da kaina na sha wannan wahala: na goge Windows da daddare, washegari abokai suka zo buga ƙwallo, muka zauna muna kallon allo kamar an kai mu gidan makoki.

In ɗaya daga cikin waɗannan wasannin na jerinka, saka Windows 11 kawai. Kar ka ɓata lokaci da Windows 10, Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025. Amma ka fara shiga BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka kunna matakan tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot, don Valorant ba zai buɗe ba sai da su.