Yadda ake aikin farkar da tausayi ga mai laifin fyaɗe, da inda ake yin kuskure

Ma'aikacin gyaran hali da zai zauna da wanda kotu ta samu da laifin fyaɗe ko lalata da yara, ya fara cire zaton cewa mutumin ba shi da tausayi ko kaɗan. A binciken Fernandez da Marshall da abokan aikinsu a Kanada a 1999, masu laifin sun tausaya wa yaron da hatsarin mota ya ji wa rauni kamar yadda kowa zai yi. Da aka zo kan yaron da su kansu suka cuta, sai tausayin ya ƙafe. Ke nan akwai shi, toshe shi aka yi, kuma aikinka gano abin da ya toshe shi.

Marshall ya kasa tausayi gida huɗu tun 1995: gane halin da wani yake ciki, kallon abin ta fuskarsa, jin irin abin da yake ji, sannan yanke shawarar abin da za a yi. Duba a wanne mutumin ya tsaya. Wani yakan fassara tsoro a matsayin yarda, wani kuwa ya gane sarai amma maye ko fushi ko sha'awa suka rufe masa ido.

Saurari uzurinsa, ka rubuta su da bakinsa: "ita ta ja ni", "ai bai yi kuka ba", "ta ma manta". Kada ka yi masa wa'azi. Tambaye shi: mutum in tsoro ya kama shi, kullum ihu yake yi?

Daga nan a sa shi ya rubuta wasiƙa zuwa ga wadda ya zalunta. Ba a aika ta, ko kusa. Ku karanta tare. In wasiƙar ta cika da labarin wahalarsa a gidan yari, ko roƙon a yafe masa, to kansa yake tausaya wa, ya kuma ɗora mata wani nauyin. A sake rubutawa.

A nan ake yawan ɓata aiki, wajen tozarta shi a gaban sauran masu laifi da ake zaman gyaran hali tare da su. Kunyar da ke ce wa mutum shi kansa ƙazami ne takan sa ya ƙara musu da ɗora wa wani laifi. Nadama kan abin da ya aikata ita ake nema.

Kuma kada hawaye ya ruɗe ka. Nazarin Hanson da Morton-Bourgon na 2005, wanda ya haɗa bincike 82, bai samu ƙarancin tausayi yana hasashen sake aikata laifi ba; karkatacciyar sha'awa da ɗabi'ar karya doka su ne manyan alamu. A Ingila da Wales, bitar 2017 ta gano kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka shiga babban shirin gyaran halin masu laifin lalata na gidajen yari sun sake laifin lalata, a kan kashi 8 na waɗanda ba su shiga ba, aka kuma maye gurbinsa da wasu shirye-shirye. Don haka a ba aikin tausayi ɗan lokaci, mafi yawan zaman ya tafi kan kame kai, sarrafa sha'awa da barin kayan maye.