Yadda za ka zaga da yaranka su ga abin da Nkrumah ya bari a Accra

Jama'a, yaranmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango duk sun san sunan Kwame Nkrumah, suna jin karen mota yana ihun Circle Circle kullum, wato Kwame Nkrumah Circle, amma ka tambayi yaro me mutumin ya yi sai ya ce maka shi ya kawo indifenda, shi ke nan. Abin yana damuna gaskiya, domin wuraren da aka yi tarihin nan duk suna nan kusa, kuɗin trotro kawai ne tsakaninmu da su. To ga yadda nake ganin ya kamata a yi fitar, a yini ɗaya.

Ku fita da sassafe bayan an sha koko da ƙosai, ranar Asabar ko lokacin hutu, don ranar bakin teku ba ta da wasa. A riƙe ruwa, a sa wa yara takalmin da za su iya tafiya da shi, kai kuma kar ka manta da Ghana Card ɗinka saboda kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban yake da na baƙo. Ku hau motar Tema Station, tashar motar da ke cikin garin Accra, daga nan komai kusa ne.

Ni dai shawarata kar ku fara da kabarinsa, ku fara da kurkukun da aka tsare shi. Ku ɗauki tasi zuwa Jamestown, ku tsaya gaban James Fort kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa. A nan Turawa suka tsare shi a 1950 bayan ya kira yajin aiki da ƙaurace wa gwamnati, yana ciki aka yi zaɓen Fabrairun 1951, jam'iyyarsa CPP ta lashe, shi ma ya ci kujerar Accra ta tsakiya daga cikin kurkuku, dole gwamna ya sa aka buɗe masa ƙofa ya fito ya kafa gwamnati, a 1952 kuma ya zama firaminista. Ko ba ku shiga ba, bari yaro ya taɓa bangon da hannunsa, ka ce masa daga bayan wannan bango mutum ya fito ya riƙe ƙasa, wallahi za ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Daga nan ku biyo High Street ku dawo gabas zuwa Kwame Nkrumah Memorial Park, nan ne za ku daɗe. Filin nan da can wurin wasan folo ne na Turawa, kuma a nan ya tsaya da tsakar dare ranar 6 ga Maris 1957 ya ce Ghana ta samu 'yanci, ya ƙara da cewa 'yancin ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya. Ku nemi hoton wannan daren a ɗakin tarihi, ka nuna wa yara rigar da ke jikinsa, batakari ce irin ta arewa wadda kawunansu ke sawa ranar Juma'a, shi da abokansa duk ita suka sa, alhali shi mutumin Nkroful ne can ƙasar Nzema. Sai ku je wajen gunkinsa marar kai, wanda aka fasa lokacin juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi soja da 'yan sanda suka kifar da shi. Yara za su tambaya ina ya tafi bayan nan, ka gaya musu Gini ya koma wajen shugabanta Sekou Toure, bai sake taka ƙasar nan da ransa ba, ya rasu a Bukares ta ƙasar Romaniya ranar 27 ga Afrilu 1972, aka binne shi a garinsu, sai a 1992 zamanin Rawlings aka dawo da shi nan. Matarsa Fathia 'yar Masar, wadda ta rasu a 2007, tana kusa da shi. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2023, ya yi kyau sosai, sai dai ka lura kar yara su ƙare da ɗaukar hoto a bakin ruwa su fita ba su ji komai ba.

To a nan ne nake so iyaye su yi abin da mai zagayawa da baƙi ba lallai ya yi ba. Ku samu inuwa ku zauna, ka gaya musu ɓangaren da ya shafe mu 'yan zango. A shekarun 1950 akwai jam'iyyar Musulmi, Muslim Association Party, mai ƙarfi a zangunan Accra da Kumasi, kuma ta yi adawa da CPP. Watanni kaɗan da samun 'yanci, a 1957 ɗin nan, gwamnatinsa ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, aka kai su Najeriya duk da sun ce su 'yan ƙasar nan ne, aka kuma yi dokar da ta hana kafa jam'iyya kan addini ko ƙabila ko yanki. A 1958 aka yi dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, ita ce ta kai J. B. Danquah gidan yarin Nsawam inda ya rasu a 1965, shi da suka yi gwagwarmaya tare tun farko, a 1964 kuma ƙasar ta koma mai jam'iyya ɗaya. Ina ƙaunar Nkrumah har zuciyata, kuma saboda haka ne ba na yarda a ɓoye wa yaro wannan, in ya girma ya ji a bakin wani zai ce ka ruɗe shi, ya zubar da sauran abin da ka gaya masa har da na gaskiya. In akwai tsoho ko tsohuwa a gida da suka ga zamanin, ku je da su in ƙafa za ta ɗauka, bakinsu ya fi naka nauyi.

Bayan azahar, in an ci waakye an huta, ku wuce Black Star Square, ba nisa. A 1961 aka kammala filin. Kusa da shi ne mahaɗar hanyar da aka harbe tsofaffin sojoji uku, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, ranar 28 ga Fabrairu 1948 suna tafiya kai kokensu wajen gwamna a Osu, abin da ya tada garin har aka kama Nkrumah da sauran manya biyar. Shi ya sa ake kiran titin 28th February Road.

Sauran abin kuma a hanya za ku gan shi. Wutar da ke gidanku, ka ce musu madatsar Akosombo da ke samar da wani ɓangarenta shi ya gina, ya buɗe ta a Janairun 1966, wata ɗaya kafin a cire shi. Titin motowe na Tema 1965 ne, tashar jiragen ruwan Tema 1962, in kuna da ɗa ko 'ya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi mai ɗauke da sunansa, a zamaninsa ta zama cikakkiyar jami'a, 1961. In da sauran ƙarfi da kuɗin mota ku bi ta motowe ɗin ku je Tema ku dawo, in babu a bar shi sai wata Asabar, amma ku yi ƙoƙari ku bar cikin gari kafin la'asar ta yi sanyi, cunkoson hanyar Nima da yamma da yara a hannu ba daɗi.