Yadda kwamiti zai yanke shawara irin ta ƙudan zuma

Idan amya ta cika, tsohuwar sarauniya takan fita da ƙudaje kusan 10,000, su yi curi a reshen bishiya kafin su sami sabon gida. Sarauniyar ba ta da ta cewa a zaɓen. Wasu 'yan ɗaruruwa cikin tsofaffin ma'aikata ne ke fita neman kogo, kuma binciken Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna yawanci sukan dace da mafi kyau: kogo mai cin kusan lita 40, mai ƙaramar ƙofa. Kwamiti na iya aron wannan tsari.

Kafin a zauna, ku tura mutane da dama su nemo zaɓi, kowa shi kaɗai. Shugaba ya kame bakinsa sai ƙarshe, don da zarar ya nuna inda ya karkata, bincike ya mutu.

Ƙudan da ya samo kogo rawa yake yi a kan curin, kuma gwargwadon kyan wurin, gwargwadon tsawon rawar. Amma wanda ya ga rawar ba ya shiga sai ya je ya duba da kansa. Nan ne ƙashin bayan tsarin. Kada kowa ya goyi bayan abin da bai gani da idonsa ba. Tururuwar daji da ke bin ƙamshin sawun juna a makance takan shiga da'ira ta yi ta zagaye har ta mutu. Masanin halittu William Beebe ya ba da labarin irinta daga ƙasar Guyana ta Kudancin Amurka a 1921.

Sannan a sa wa kowa iyaka. Duk dawowa, ƙudan yakan rage rawarsa har ya daina, ko da wurinsa ne ya fi. Mai kawo shawara ya yi bayani sau biyu, ya bar wa sababbin baki.

Ƙudan zuma ba sa jiran kowa ya yarda. Da masu neman gidan sun taru da yawa a kogo ɗaya, tafiya ta tashi. Ku tsayar da adadinku tun farko, misali kashi biyu cikin uku.

Akwai inda kwaikwayon ke karyewa. Ƙudajen 'ya'yan uwa ɗaya ne, in gidan ya ɓaci duka za su halaka. Mutane kuwa kowa da tasa, don haka mai riba a wani zaɓi ya faɗa tun farko, kuma a jefa ƙuri'a a asirce.