Yadda ake canza soson da ke hana ƙaramin jirgin ruwa nutsewa

Kwale-kwalen katako ko ya cika da ruwa yakan tsaya a sama, domin katako ba ya nutsewa. Jirgin faiba ko na alminiyum mai inji, irin waɗanda ake gani a Yawuri da tafkin Kainji, ba haka yake ba. Abin da ke riƙe shi idan ruwa ya shiga shi ne soson da aka cusa ƙarƙashin daɓe da cikin kujeru. Soson nan yana tsufa. Girgizar inji, fetur da ruwan da ke kwana a ciki suna farfasa ƙananan ramukansa har ya riƙa shan ruwa.

Alamarsa ita ce jirgi ya yi nauyi, gudunsa ya ragu, ya riƙa shan mai fiye da da. Huda daɓen kusa da baya, ka zura bututun ƙarfe har ƙasa, ka zaro ɗan soson ka matsa. In ruwa ya fito, to sai cirewa gaba ɗaya. Shanya shi a rana ɓata lokaci ne, domin jiƙaƙƙen soso ba ya bushewa a ciki, kuma yana ruɓar da katakon jirgi, yana cin alminiyum har ya huhhuje.

Fara da fitar da tankin mai da batir. Ɗaga daɓen, ka yanka soson gunduwa-gunduwa da zarton hannu, ka ɓamɓare da shebur mai faɗin baki, ka goge ragowar da burushin waya. Kada ka kusanto da wutar walda, soson yana kamawa da sauri kuma hayaƙinsa guba ne. Bar jirgin ya bushe ƙarau, sannan ka gyara duk tsagewa ko ribitin da ke yoyo. Sabon soso ba ya toshe ɓula.

Lissafi shi ne wurin da ya kamata a natsu. Soson da ake so shi ne polyurethane, wanda ke zuwa a ruwan sinadari iri biyu cikin galan biyu da ake haɗawa su kumbura su zama soso mai rufaffun ramuka, wanda nauyinsa kilo 32 ne a kowace lita 1,000. Kowace lita ɗaya tasa tana ɗaukar kusan kilo ɗaya a ruwa. Kaya kuma suna rage nauyi idan sun nutse: faiba tana zama kashi 33 cikin ɗari na nauyinta, alminiyum kashi 63. Ɗauki jirgin faiba mai kilo 200, wato kilo 66 ke nan a cikin ruwa. Ƙara nauyin inji cikakke, a ce kilo 70, da kaya kilo 30, da rubu'in nauyin mutum shida, kilo 105. Jimla 271, sai ka nemi soso lita 280 ko fiye. Ruwan sinadarin yana kumbura kamar sau 25, saboda haka lita 12 za ta wadatar, shida daga kowane galan.

Inda aka sa shi ma yana da muhimmanci ƙwarai. In duk soson yana ƙasa, jirgin da ya cika da ruwa zai kife, mutane su rasa abin kamawa. Raba shi a gefe biyu daidai, can sama-sama, kaso mafi yawa a baya wajen inji. Kafin zubawa, tsaga bututun roba gida biyu ka kifa shi a tsakiyar ƙasan jirgi daga gaba zuwa baya, don ruwa ya samu hanyar gangarawa. A jirgin alminiyum shimfiɗa leda mai kauri tukuna.

Sa safar hannu da tabarau da takunkumi, ka yi aikin a fili. Auna ruwan biyun daidai wa daida, kada haɗi ɗaya ya wuce lita ɗaya. Dama da ƙarfi na daƙiƙa 20 zuwa 25, ka zuba nan take, domin kafin daƙiƙa 45 ya fara tashi. Ya fi kyau a zafin digiri 24 zuwa 27, don haka a zafin bazara yi aikin da sassafe, ka ajiye galan a inuwa. Jira minti 20 kafin zubi na gaba. Wanda ya zuba da yawa a rufaffen wuri, soson zai tura daɓen sama ko ya buɗe jikin jirgi, shi ya sa ake barin ramukan da rarar za ta fita. In ya fito da danƙo ko yana marmashewa, awo ko damawa ne bai yi ba, kuma danshi a jikin jirgi yakan bar manyan ramuka. A cire wannan a sake.

Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji fetur na narkar da shi, kuma soson feshi na gwangwani yana shan ruwa, duka biyun ba su dace ba. In ba a samu na zubawa ba, robobin lemo masu murfi a ɗaure tam, a cusa su cikin kujeru yadda ba za su fice ba, sun fi babu.

Washegari yanke rarar da zarto, ka shafe wurin yankan da gam ɗin faiba, ka mayar da daɓe ka toshe ramukan. Sai ka kai jirgin bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ka sa buhunan yashi a madadin inji, ka cika shi da ruwa. In ya karkata, ƙara soso a ɓangaren da ya nutse.