Yadda ake zaɓen takalmin birki da faifai don motar zirga-zirgar yau da kullum

Yawancin masu mota a Bauchi ba su ke zaɓen takalmin birkinsu ba, zaɓa musu ake yi. Birki ya fara ƙara, a kai wa bakanike, shi kuma ya tura yaronsa shago a kan acaɓa, yaro ya dawo da abin da kuɗin hannunsa ya iya saye. A ɗaura, a biya, a tafi. Bayan wata biyu ko uku ƙarar ta dawo, ko sitiyari ya fara karkarwa, sai ka ji mai mota yana cewa ai kayan yanzu duk jabu ne. Jabu kam akwai shi, kuma za mu zo kansa. Amma a abin da na sha gani, sau da yawa takalmin ba shi da laifi. An ɗora shi ne a kan faifan da ya riga ya mutu, wato zagayayyen ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ko a cikin kalifar da ta ƙage, wato ƙarfen da ke riƙe takalman yana matsa su a jikin faifai. Don haka zaɓen takalmi ba a shago yake farawa ba, a gindin mota yake farawa.

Mataki na farko: a cire taya kafin a fitar da ko sisi

Ka tsaya a wurin da kanka. Ka ce, "Oga, cire min tayoyin gaba duka biyun, ina so in ga tsofaffin takalman a hannuna." Bakaniken kirki ba zai ji haushi ba. Guda huɗu za a fito maka da su, biyu daga kowane gefe. Jera su a ƙasa yadda suka fito, kada a cakuɗa, domin su ne za su gaya maka halin da birkin yake ciki.

Sabon takalmi naman jikinsa yakan kai milimita 10 zuwa 12, ban da ƙarfen baya. Idan ya sauko zuwa milimita 3, lokacin canji ya yi. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a dubawa shi ne ko huɗun sun cinye daidai da juna. Idan na ciki ya kusa kai wa ƙarfe alhali na waje yana da sauran rabi, ko akasin haka, matsalar tana kalifa. Idan takalmi ɗaya ya cinye a karkace, gefe guda siriri gefe guda da kauri, nan ma kalifa ce. Idan na hagu sun ƙare na dama suna nan, to gefe ɗaya ne ke riƙe motar, shi ya sa take jan ka gefe in ka taka birki da ƙarfi.

A nan nake so mai karatu ya nutsu, don a nan ne mafi yawan mutane ke asarar kuɗinsu. Kalifar yawancin motocinmu, Corolla ce, Camry ce, Accord ce, tana zamewa ne a kan fil guda biyu, kowanne da 'yar robarsa mai kama da zuga-zugi da ke hana datti shiga. Fistin yana tura takalmin ciki, kalifar ta zame a kan fil ɗin nan ta jawo na waje, sai su matse faifai tare. To ka duba irin rayuwar da motarmu take yi. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, zafin Maris da Afrilu da ke busar da roba har ta tsage, sannan damina ta zo mu yi ta kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a unguwanni. Da zarar robar nan ta yage, ƙasa da ruwa sun shiga, giris ya zama laka, fil ya yi tsatsa ya ƙage. Daga nan takalmi ɗaya ne ke aiki, ko kuma birkin ya riƙe ya ƙi saki gaba ɗaya, yana gugar faifai kana tafiya, yana shan mai, yana dafa kansa. Ko takalmin da ya fi kowanne tsada a duniya ka saka a wannan kalifar, ba zai yi ƙarko ba.

Gwajin ba wuya. A zaro fil ɗin a ba ka. Ya kamata ya shiga ya fita da yatsu biyu, sumul. Idan sai an sa filaya an murɗa, ko an buga da guduma, a wanke shi tas, a goge tsatsar, a wanke ramin da yake shiga, a canza robar in ta yage. Fil ɗin da tsatsa ta rarake shi a sayi wani, ba shi da tsada. Sannan maganar giris. Kada ka yarda a lakato baƙin giris ɗin nan na cikin gwangwani da ake shafa wa komai. Yana kumbura roba, kuma zafi na narkar da shi. Giris na silikon ake sawa, wanda aka yi don birki. Ɗan ƙaramin tube ɗaya zai yi maka shekaru, ka saya ka ajiye a motarka, don ba kowane gareji ke da shi ba. A leƙa robar fistin ma. In ta yage ko ana ganin danshin man birki a bakinta, sai an yi wa kalifar gyara kafin a yi zancen takalmi.

Mataki na biyu: faifai

Kowane faifai yana da iyakar sirancin da aka yarda ya kai, kuma a jikinsa aka buga ta, a baki ko a wuya. Za ka ga MIN TH da lamba, wani lokaci sai an kankare tsatsa da buroshin waya. Misali faifan gaba na Camry ta 2007 zuwa 2011 sabonsa milimita 28 ne, iyakarsa 25. Milimita uku kacal ke tsakanin sabo da matacce, ido ba ya iya raba wannan. A auna da ma'aunin kauri, kuma a auna a tsakiyar inda takalmi ke guga, kada a auna a baki, don bakin yana barin wani tudu da ke nuna kaurin da babu shi. Faifan da ya sirance ba ya iya ɗaukar zafi. A cikin gari, daga Wunti zuwa Yelwa, ba za ka lura ba. Amma ka taso daga Jos da iyali da kaya a but, garin da ke sama da mita 1,200, kana gangarowa Bauchi da ke wajen mita 600, ka yi ta taka birki a gangaren Tilden Fulani da Toro, a nan ne za ka ji feda ta yi nisa kuma motar ba ta son tsayawa.

Sai ka ja farcenka a fuskar faifan daga ciki zuwa waje. In farce yana maƙalewa a zane-zane masu zurfi, sabon takalmi zai zauna ne a kan tudun zanen kawai, rabin fuskarsa ba ta taɓa komai, kuma zanen zai cinye shi. In ka ga shuɗi-shuɗi, ya sha wuta. In ka ga tsaga, ko ƙarama ce, magana ta ƙare.

Masu injin sassaƙar ƙarfe suna gyara fuskar faifai, kuma ban hana ba, da sharaɗi ɗaya: bayan sassaƙar, kaurin da ya saura ya wuce lambar MIN TH ɗin nan. In zai sauka ƙasa da ita, kuɗin sassaƙar asara ne, a haɗa a sayi wani. Kuma biyu ake canzawa tare, hagu da dama, kamar yadda ake canza takalma huɗu tare.

Wajen sayen sabo, ka ɗauki faifai mai sumul irin wanda motar ta zo da shi. Waɗancan masu huji-huji da tsage-tsage da samari ke so don kyan gani ta cikin rim, ni ban ga amfaninsu a titinmu ba. Ramukan na cika da ƙasa, tsagar na saurin cin takalmi, kuma mai arha daga cikinsu daga bakin huji yake fara fashewa. Faifan Beljiyam kuwa, in aljihu ya matsa, ana iya dacewa da mai kyau, har ya fi wani sabon mai arha nagartar ƙarfe, amma sai da ma'auni a hannu. Takalmin Beljiyam dai a'a. Ba ka san shekarun da ya yi ba, ba ka san irin zafin da ya sha ba, kuma ya riga ya ɗauki siffar faifan wata motar.

Mataki na uku: lambar da ta dace da motarka

Cewa "ba ni na Corolla" bai isa ba. Mota ɗaya, shekara ɗaya, amma 'yar Amurka daban, 'yar Turai daban, kuma takalminsu kan bambanta. Ka tafi da tsohon takalmi guda a leda, da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ko jikin ƙofar direba. Motocin Amurka suna da lambar takalmi mai farawa da D da ake bugawa a kwali: Corolla ta 2003 zuwa 2008 gabanta D923 ne, ta 2009 zuwa 2019 D1210. A shago ka ɗora tsoho a kan sabo, baya da baya, kunnuwa su hau daidai. Idan aka ce maka "Alhaji, ɗan guga kaɗan za a yi masa ya shiga," ka ajiye. Takalmin da aka guga da giranda ko dai ya yi rawa yana ƙwanƙwasa, ko ya ƙage a mazauninsa.

Mataki na huɗu: wane iri, kuma na wa

Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai laushi, wanda aka haɗa da zare da roba da danƙo, shi ne ya fi arha, ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma shi kansa ba ya daɗewa kuma zafi na saurin kashe masa ƙarfi. Akwai mai haɗin ƙarfe, wanda za ka ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli a fuskarsa. Yana jure zafi da nauyi, sai dai yana baƙanta rim, yana ɗan ƙara, yana kuma cin faifai fiye da sauran. Sai siramik, mara hayaniya, mai ƙarancin ƙura, mai ƙarko, kuma ya fi tsada.

Motar gida mai kai yara makaranta, zuwa ofis, zuwa Muda Lawal cefane, siramik na kamfanin da aka sani za a saka mata. Sharon ko Golf ta haya da ke lodi zuwa Jos, Gombe ko Kano ta Ningi, da Sienna mai cika da mutane, mai haɗin ƙarfe. Ban ba kowa shawarar mai laushin nan ba sai in babu yadda za a yi.

A gefen takalmi ko bayansa akan buga wasu harufa, biyun ƙarshe su ne ƙarfin kamunsa, na farko yana sanyi, na biyu ya yi zafi. E tana nufin 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G 0.45 zuwa 0.55, kuma gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙarfin kamu. FF ya wadatar da motar yau da kullum, GG ya fi kamu. FE kuwa yana gaya maka da bakinsa cewa in ya yi zafi ƙarfinsa zai ragu. Kayan da aka yi don kasuwar Turai suna ɗauke da E a cikin da'ira tare da 90R, alamar an gwada kamunsu ya yi kusa da na asali.

Sunayen da ake dogara da su sanannu ne: Akebono da Advics, waɗanda ke yi wa Toyota kanta, sai Bosch, TRW, Textar, ATE, Ferodo, Brembo, da Sangsin na Koriya wanda kuɗinsa bai kai na sauran ba kuma yana aiki. Matsalar ita ce masu jabu kwalin waɗannan sunaye suke kwaikwayo, har da na kamfanin motar. Saboda haka a buɗe kwali a gabanka. Na kirki yana da rubutu da lamba a jikin ƙarfen da kansa, galibi yana da siririn faranti manne a baya mai hana ƙara, sau da yawa yana da ɗan harshen ƙarfen da ke yin ƙyiii in takalmi ya kusa ƙarewa, gefunansa a fiƙe, kuma inda nama ya haɗu da ƙarfe babu rata. Jabu fenti ne ya malale har kan fuska, in ka kankara da makulli yana zubar da gari. Irinsa ne nama ke ɓallewa daga ƙarfe ana cikin tafiya. Farashi na hawa da sauka da dala, don haka ka tambayi shago uku. Wanda ya faɗi ƙasa da rabin na sauran da suna iri ɗaya, ka san abin da ke cikin kwalin. Mai shagon da ya yarda ya rubuta maka rasit da sunan kayan, shi za ka riƙe, ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano yake saro su ko daga Nnewi.

Ɗaurawa

A kankare tsatsar mazaunin faifai har ya yi fes kafin a ɗora sabo, don ƙwayar tsatsa kaɗan ta isa ta karkatar da shi, bayan 'yan watanni sitiyari ya fara rawa. A wanke maiƙon da ke jikin sabon faifai. Kada a hure ƙurar birki da iska, wasu takalman masu arha har yanzu da asbesto a ciki, wani sinadari mai cutar da huhu. Notin taya a ɗaure su a gicciye, kuma kada yaro ya hau sifana da ƙafa yana tsalle. Ƙarfin ɗaurin notin Corolla da Camry 103 Nm ne a ma'aunin sifanar auna ɗauri. Kafin mota ta motsa a taka feda sau da yawa har ta yi tauri.

Daga nan ka nemi miƙaƙƙen titi mara cunkoso, ka kai gudun kilomita 60, ka rage zuwa 10 da matsakaicin taki ba tare da tsayawa cik ba, kamar sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar mintuna ba birki ya huce. Kilomita 300 na farko a bi shi a hankali. Man birki DOT 3 ko DOT 4, abin da aka rubuta a murfin tankinsa, daga sabuwar roba a rufe, kuma a juye shi duk shekara biyu don yana tsotsar danshi. Ruwa da omo da wasu ke zubawa kada ma a fara. In birkin bayan motarka doram ne, wato mai kama da kwano maimakon faifai, kamar yawancin Corolla ta 2003 zuwa 2008, a buɗe a share a saita shi ranar nan, in ba haka ba gaba ne zai ɗauki aikin duka. Bayan mako guda, in ka dawo daga tafiya, kai hannunka kusa da rim na hagu da na dama ba tare da ka taɓa ba. In ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, koma a sake buɗe kalifar gefen nan.