Haɗa ampili da lasifika a mota: daga kan batir zuwa but

Yawancin kayan kiɗan mota da ke mutuwa a Maradi ba ampili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ne ke fara lalacewa ba. Waya ce siririya, ko mas (wayar da ke mayar da wuta ta jikin mota) da aka ɗaura kan fenti, ko fizibil (abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa) da aka ce "sai gobe a saka". Garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, mota kuma na shan rana a tasha ko bakin babbar kasuwa, wayar da ta yi kaɗan ba ta daɗewa kafin robarta ta yi laushi. Don haka kafin ka yi cinikin lasifika, fara da lissafin wuta.

Kada ka kula da "3000W" da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Nemi adadin da ke ɗauke da RMS, shi ne ƙarfin da ampili ke iya bayarwa ba tsayawa. In babu, duba fizibil ɗin da ke jikin ampilin. Mai fizibil biyu na ampiya 25 ba ya jan abin da ya wuce ampiya 50. Ka ninka da bolt 13.8 da mota ke bayarwa in inji na aiki, wat 690 ke nan ke shiga, kuma ba duka ke fita a matsayin sauti ba. Ampili ajin AB kusan rabi yake mayarwa zafi, ajin D kuwa yakan fitar da wajen kashi 80 cikin 100. A yanayinmu wannan bambanci ba ƙarami ba ne, shi ya sa ga wufa, wato babbar lasifikar bas, ajin D ya fi dacewa. Ampilin D mai wat 500 RMS zai ja kusan ampiya 45, na AB mai ƙarfi ɗaya zai haura 60.

Sai ka tambayi kanka ko altanatar motar za ta ɗauka. Ƙananan motoci irin su Corolla da Starlet altanatarsu ba ta da yawan rara, kuma fitilu da kilim da fankar inji sun riga sun ci rabonsu. Wat 400 zuwa 500 RMS ba ya damun lafiyayyar mota. Abin da ya wuce haka, fitila za ta riƙa lumshewa duk sanda bas ya buga. Kondansata ba ta magance wannan, domin ajiye wuta take yi na ɗan lokaci, ba ta samar da ita.

Waya

Daga batir zuwa but wajen mita 5 ne a ƙaramar mota. Ga ampilin da ke jan ampiya 40 ko ƙasa, waya mai kaurin 10 mm² ta isa. Daga 40 zuwa 100, sai 20 ko 25 mm², wadda a kwalin Amurka ake rubuta mata 4 AWG. Nan ne kasuwa ke cutar mutane. Akwai waya mai roba kauri kamar yatsa, amma in ka yanka sai ka tarar zaren ciki bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma wadda ake rubuta wa CCA, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, kusan kashi biyu cikin uku take ɗauka. Ka sa mai shago ya yanka maka bakin a gabanka. In tsakiyar zaren fari ne, ko ka kankare da wuƙa farin ya fito, alminiyam ce. Ba haramun ba ne a yi aiki da ita, amma sai ka ƙara kauri mataki guda, ka kuma san bakinta na saurin cin tsatsa a kan batir. Wayar lantarkin gida mai zare ɗaya ƙaƙƙarfa ba ta mota ba ce ko kaɗan. Girgizar hanyar laterit za ta karya ta.

Kafin ka taɓa komai, kwance kan batir na ragi, mai alamar −, yawanci da sifana lamba 10, ka kawar da shi gefe. In rediyon asali na mota mai lambar sirri ne, ka tabbata kana da lambar tukuna. Wayoyin da aka naɗe da rawayar roba a ƙarƙashin sitiyari da kujeru na jakar iska ne, kada ka yanke su, kada ka soka musu fitilar gwaji.

Babbar waya za ta tashi daga kan batir mai alamar +, kuma fizibil zai zauna a kanta cikin santimita 30 zuwa 45 daga batir. Wannan fizibil ba ampili yake tsarewa ba, ampili na da nasa. Wayar yake tsarewa. In ta goge ta taɓa ƙarfen mota a wani wuri, batir zai tura ɗaruruwan ampiya cikin daƙiƙa, waya ta yi ja, kafet ya kama. Fizibil da aka kai can but kusa da ampili ya bar mita biyar ba mai gadi. Ga 10 mm² sa na ampiya 50 ko 60, ga 20 mm² kada ya wuce 100. Wanda ya ƙone a sake shi da irinsa. Naɗa zaren waya a madadinsa daidai yake da babu. Ka bar gidan fizibil ɗin fanko har sai an gama aiki duka.

Wajen ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, nemi ramin da ke da robar asali ka bi ta ciki. In dole sai an huda sabo, leƙa bayan wurin tukuna, sannan ka sa wa ramin zoben roba, domin bakin ƙarfe wuƙa ne ga waya. Nisanta ta da salansa da sandar sitiyari da fedar birki, ka ɗaure ta kowane taƙi biyu. Daga nan ta bi ƙarƙashin robar bakin ƙofa ta gefen da batir yake. Wayar RCA mai ɗauko sauti daga rediyo ta bi ɗaya gefen. In dole su gamu, su gitta juna, kada su jera.

Mas

A nan aiki ke kyau ko ya ɓaci. Wutar da ta shiga ampili ta jikin mota take komawa batir, saboda haka wayar mas kaurinta ɗaya da babbar waya, tsawonta kuma kada ya kai rabin mita. Nemi ƙarfe mai kauri na gangar mota, ba murfin but ba, ba ƙarfen kujera mai motsi ba. Kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, faɗin kwabo babba. Sa wa bakin waya kos mai zobe, ka matse shi da abin matsewa, ba da haƙorin filaya kawai ba, ka ɗaure da noti da ɗan zoben ƙarfen da ake sa wa ƙarƙashinsa. Bayan an ɗaure, shafa ɗan giris a kai saboda damina. Kafin huda ƙasan but, tuna tankin mai da bututun birki na nan ƙarƙashi. In ampili biyu ne, mas ɗinsu ya haɗu wuri ɗaya. Sannan ka koma gaba ka duba siririyar wayar da ta haɗa kan batir na ragi da gangar mota. A tsofaffin motocin da suka zo ta Kwatano sau da yawa ta ci tsatsa, kuma duk wutar ampilinka ta nan za ta bi. Ƙara mata wata mai kauri a gefenta.

Bayan rediyon kasuwa launukan waya kusan ɗaya ne: rawaya wuta ce ta dindindin, ja ta kontak, baƙa mas. Fara lasifikar gaba ta hagu, toka-toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, kuma mai ratsin baƙi a kowace ita ce ragi. Shuɗiya mai ratsin fari ita ke zuwa wurin da aka rubuta REM a ampili, ita ke tada shi in an kunna rediyo. Shuɗiya zalla ta eriya ce. Wanda ya ɗauki REM daga gare ta zai ga ampili na aiki a FM, da ya koma kebul ko Bluetooth sai shiru. Kada kuma a haɗa REM da babbar waya kai tsaye, ampili zai kwana a kunne, da safe sai turi. A wasu motocin Volkswagen da Opel gurbin ja da rawaya a musanye yake, shi ya sa rediyo ke manta tashoshi duk sanda aka kashe mota. Musanya su, magana ta ƙare.

Lasifikar ƙofa waya 1.5 mm² ta ishe ta, wufa 2.5 mm². In alamar + da − ta goge, ɗauki batirin tocila na bolt 1.5 ka taɓa: in takardar lasifika ta turo waje, bakin da ke kan + na batirin shi ne +. Ban da tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, tana iya ƙonewa. Lasifika ɗaya da aka juya tana tura iska sanda ƴar'uwarta ke ja, sai bas ya ɓace. Game da om, ma'aunin tirjiyar da lasifika ke yi wa wuta: lasifika biyu masu om 4, in ka haɗa + da +, − da −, sun zama om 2, in ka jera su, − na farko zuwa + na biyu, sun zama om 8. Yawancin ampili masu tasha biyu, wato mafitar sauti biyu, na ɗaukar om 2 a kowace tasha, amma in aka haɗe tashoshin biyu kan wufa ɗaya, om 4 ne iyakarsu. Ƙasa da haka zai yi zafi ya ɗauke. Auna da mitar gwajin wuta kafin ka ɗaura; lasifikar om 4 takan nuna 3 da ɗoriya, ba laifi ba ne.

Ampili ya zauna inda iska ke ratsawa, haƙarƙarinsa na sanyaya a sama ko a tsaye, ba a kife ba, ba ƙarƙashin kafet ba. Ɗaura shi kan katako, kada jikinsa ya taɓa ƙarfen mota. Jikin akwatin wufa ba wurinsa ba ne, girgiza na kwance dalmar ciki. Bayan hunturu a hure masa ƙura, don ƙurar da ta toshe haƙarƙari bargo ce.

Yanzu mayar da kan batir, saka fizibil, tada inji. Auna tsakanin +12V da GND (bakin mas) a jikin ampili: ya kamata ka ga bolt 13.8 zuwa 14.4, kuma bambancinsa da na kan batir kada ya wuce rabin bolt in kiɗa na bugawa.

Maɓallin GAIN ba na ƙara murya ba ne, na daidaita ampili da rediyo ne, kuma murɗe shi ƙarshe shi ke ƙona wufa fiye da komai. Cire wayar wufa, kashe BASS BOOST da duk ƙarin bas na rediyo, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, kunna sautin gwaji na 50 Hz. Ninka wat RMS na ampili da om ɗin wufa, ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka: wat 300 a om 4 ya ba da bolt 34.6, wat 500 a om 2 ya ba da 31.6. Sa mita a AC kan bakin fitar sauti, ka murɗa GAIN a hankali har ta nuna wannan adadi, ka tsaya. In wufar ba ta kai ampili ƙarfi ba, yi lissafin da wat ɗin wufar. Ga wufa sa LPF, maɓallin da ke barin bas kaɗai ya wuce, wajen 80 Hz, ga lasifikan ƙofa HPF, mai tare bas, wajen 80 Hz, don kada a tilasta musu bas da ba za su iya ba.

In ka ji wani siririn kuka mai hawa da sauka tare da totur, koma kan mas tukuna. Bai daina ba, zare RCA daga ampili: kukan ya tsaya, to daga rediyo ko hanyar RCA yake shigowa, bai tsaya ba, mas ne ko ampilin kansa. Jar fitilar PROTECT tun daga kunnawa na nufin wayar lasifika ta taɓa ƙarfe ko ta taɓa ƴar'uwarta, sau da yawa zare ɗaya ne tak ya kuɓuce a bakin sukuru. In sai bayan minti ashirin take kamawa, zafi ne ko om ya yi ƙasa. In sai bas ya buga, wuta ce ba ta isa.

Masu manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa da Zinder su lura: tsarinsu bolt 24 ne, batir biyu a jere. Ampilin bolt 12 da aka ɗaura kai tsaye zai ƙone nan take, wanda kuma aka ɗauko wa wuta daga batir ɗaya zai sa ɗayan ya riƙa cika fiye da kima, ɗayan na ramewa, har su mutu tare. Sai an saka na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12 wadda ampiyarta ta haura abin da ampilin ke ja, da fizibil a bakin shigarta da kuma bakin fitarta.